Injin da ya ƙi amsa sallama

 Kowa daga cikinku ya san abin da ake yi in sa ya ƙi kiwo. Ba a kiran mahauci nan take. Ana duba bakinsa, a duba ƙafafunsa, a duba kashinsa. Ana tambayar yaron da ya kai shi daji inda ya sha ruwa. Sai an gama wannan duka ake cewa ga ciwon, ga maganin. To, inji ma haka yake. In ya ƙi aiki, tambayarsa ake yi, tambaya ɗaya bayan ɗaya, kafin a ce ya mutu.

Ga labarin wani malamin karatun manya na ƙasar Tasawa da ya bi wannan hanya. Shi ma manomi ne. Bai yi lakwal mai nisa ba, amma ya iya karatu da rubutu da lissafi, kuma ba ya rabuwa da kaye da bik. Saboda haka aka ɗora shi magatakarda na wata ƙungiyar bankunan cimaka. Ƙungiyar ta haɗa garuruwa na ƙasar Tasawa da na ƙasar Mayahi.

Shekarar da hatsi ya yi ƙaranci

Daminar 2004 ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke da wuri a wurare da yawa, fara kuma ta shigo ƙasa. Da kaka ta yi, rumbuna ba su cika ba. Ƙungiyar tana da ɗan hatsi a ajiye cikin magaza. Ƴan kasuwa suna zuwa suna taya shi da kuɗi mai kyau. Wasu mambobi suka ce a sayar, a riƙe kuɗi. Wasu suka ce a dakata. Ba wanda ya san gaskiyar farashi a manyan kasuwanni sai ta bakin mai saye. Mai saye kuwa ba zai faɗi abin da zai cuce shi ba.

A biron ƙungiyar akwai kuran, akwai talho na waya. Wani proje ya ba su tsohuwar kwamfuta. An gaya musu da ita za su riƙa karɓar takardar farashin kasuwanni, irin wadda ma'aikatar SIMA take tsarawa a Yamai. Za su kuma aika wasiƙa ta isa rana guda, ba sai an jira mota ba. Garuruwa suka yi karo-karo, aka biya kuɗin shiga intanet. A wancan zamani, intanet ta cikin wayar talho take biyowa. Kamfanin SONITEL ne ya buɗe wannan hanya a Nijar a ƙarshen shekarun 1990.

Ranar da aka tashi gwadawa, kwamiti ya taru. Malam ya kunna kwamfuta, ya danna wurin kira. Sai ta rubuto magana guda: ba ta ga modem ba. Ya sake dannawa. Amsa ɗaya. Aka yi kwana bakwai haka, kuɗin wata yana tafiya.

Shugaban ƙungiya dattijo ne daga wajen Kanembakashe. Ya ce: "Malam, kuɗin talakawa ne fa. In mataccen doki aka ba mu, ka faɗa mana, mu daina saye masa ciyawa."

Malam ya ce: "Baba, ku ba ni kwana goma. In ya mutu, ni zan fara faɗi. Amma ban ga gawa ba tukuna."

Mene ne modem?

Kwamfuta ba ta san murya ba, lissafi kawai ta sani. Wayar talho kuma ba ta ɗaukar komi sai murya. Ke nan dole a sami tafinta a tsakani. Wannan tafinta shi ne modem. Yana karɓar rubutun kwamfuta, ya mai da shi ƙara, ya tura cikin waya. Can ɗaya gefen wani modem ya ji ƙarar, ya mai da ita rubutu. Kamar mai kalangu ne: ya kaɗa, wanda ya san kiɗan ya ji magana. Modem mafi sauri na wancan lokaci, in layi ya yi kyau ƙwarai, yana iya kawo haruffa wajen 7,000 a daƙiƙa guda. A layin karkara bai kai haka ba. Amma ga takardar farashi, ya isa.

Kowace kwamfuta tana da babban tsari da ke tafiyar da ita, kamar maigida da ke raba aiki a gandu. Wanda aka fi sani sunansa Windows, na kamfanin Microsoft ne na Amurka, kuma saye ake yi. Kwamfutar ƙungiya kuwa da wani tsari ta zo, ana kiransa Linux. Wani ɗalibi na ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara shi a 1991. Ya bar shi a buɗe. Kowa na iya duba cikinsa, ya gyara, ya kwafa, ya ba maƙwabci, ba tare da an ce ya yi sata ba. Kamar irin hatsi ne na gargajiya: ka shuka, ka ajiye, ka ba ɗan uwanka. Dubban mutane a duniya suna aiki a kansa har yau.

Tambaya ta farko da ta biyu

Malam ya buɗe sabon shafi a kaye. Ya ja layi a tsakiya. Hagu ya rubuta "abin da na gwada". Dama ya rubuta "abin da ya faru". Ya ƙudurta ba zai taɓa abu biyu lokaci guda ba. Don in ka ba sa magani biyu rana ɗaya ya warke, ba ka san wanda ya yi aiki ba.

Tambaya ta farko: layin talho yana da rai? Ya ɗaga kan talho ya kara a kunne. Ya ji ƙugin da ake ji kullum. Ya rubuta: layi lafiya.

Tambaya ta biyu: waya ta shiga ramin da ya dace? A bayan kwamfuta, inda modem yake, akwai ramuka biyu masu kama da juna. Ɗaya an rubuta LINE, na wayar da ta fito daga bango ne. Ɗaya an rubuta PHONE, na kan talho ne. Ya tarar an musanya su. Ya gyara, ransa ya yi fari. Ya danna kira. Kwamfuta ta sake cewa ba ta ga modem ba.

Da dare ya zauna yana tunani. Sai ya lura da wani abu. Kwamfuta ba ta ce layi ya mutu ba. Ba ta ce lamba ba daidai ba ce. Cewa ta yi ba ta ga tafintan ba sam. In maigida ya ce bai ga ɗan aikensa ba, ba a zuwa duba hanyar kasuwa. Cikin gida ake fara nema. Ke nan matsalar tana cikin akwatin, ba ta kan waya ba. Wannan tunani ya rage masa rabin wahala. Da bai yi shi ba, da ya yi ta kai ƙara wajen ma'aikatan talho a banza.

Sallama a ƙofa huɗu

Malam yana da ɗan ƙanwa da ke karatu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ya kira shi da talhon biro, ya karanta masa abin da ke cikin kaye.

Yaron ya ce: "Kawu, kun yi rabin aikin. Yanzu ku ɗauki bik, zan ba ku kalmomi biyu. Ku rubuta su harafi harafi, kada ku ƙara, kada ku rage."

Kalma ta farko ita ce wvdialconf. Ga aikinta. Kwamfuta tana da ƙofofi da take magana da kayan aiki ta cikinsu. A Linux sunayensu ttyS0, ttyS1, ttyS2 da ttyS3. A Windows su ne COM1 zuwa COM4. Wannan kalma tana bin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya tana sallama. Sallamar haruffa biyu ce: AT. Ma'anarta, saurara. Modem mai lafiya yana amsawa da haruffa biyu shi ma: OK. Ma'anarsu, na ji. Kamfanin Hayes na Amurka ne ya fito da wannan gaisuwa a 1981, sauran masu ƙera modem suka bi.

Malam ya buga kalmar. Kwamfuta ta yi sallama a ƙofa ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Har ta huɗu, ba wanda ya amsa.

Kalma ta biyu ita ce lspci. Ita tana ƙirga kayan da aka soka cikin kwamfuta, kamar makiyayi yana ƙirga garke da marece. Malam ya buga. Sunaye suka jeru. Can ƙasa sai ga modem, da sunan kamfanin da ya ƙera shi. Ashe yana nan. An gan shi a ƙirga, amma ba ya amsa sallama.

Ya sake kiran Yamai. Yaron ya ce: "Kawu, to an gano ciwon. Ba mutuwa ya yi ba. Rabin modem ne."

Tafinta mai baki, babu kai

Ga bayanin. Cikakken modem yana da baki, yana da kai. Shi da kansa yake fahimtar sallama, shi yake sarrafa ƙara. Amma a ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera kaya suka nemi araha. Suka cire kan, suka bar bakin. Aikin kan suka rubuta shi cikin wani ɗan jagora da ake sa wa kwamfuta. Galibi sun rubuta jagoran don Windows kaɗai, kuma da yawansu suka ɓoye sirrin yadda kayan ke aiki. Shi ya sa ake kiran irin wannan modem winmodem. In ka sa shi a Linux ba tare da jagora ba, yana nan zaune kamar kurma. Ba laifin Linux ba ne, ba kuma laifin mai dannawa ba ne. An rufe ƙofa ne aka tafi da mabuɗi.

Hanya biyu ta rage. Ta farko, a nemo jagoran. Wasu irin waɗannan modem, kamar masu kayan Lucent, da Conexant, da Smart Link, an samar musu jagora na Linux. Amma sai ya dace da ainihin irin modem ɗin, ya kuma dace da zubin Linux da ke cikin kwamfutar. Sannan a intanet ake ɗauko shi. Mai neman shiga intanet an ce ya je intanet ya ɗauko mabuɗi! Sai dai a tafi Maraɗi a kwafo a faifai, in bai dace ba a sake komawa.

Hanya ta biyu, a sayi cikakken modem na waje. Ɗan akwati ne da ake ajiyewa kan tebur. Yana da tasa wayar kuran, yana da ƴan fitilu a gaba. Ana haɗa shi da kwamfuta ta wata ƙofa mai haƙora 9 da ke baya. Shi ba ya bukatar jagora na musamman, domin kansa yana jikinsa.

Malam ya kai maganar gaban kwamiti. Ya buɗe kaye, ya karanta musu tambaya huɗu da amsa huɗu. Ma'aji ya ɓata rai, ya ce an sake zuwa neman kuɗi.

Dattijo ya ce: "Malam, in an saya shi ma ya yi shiru fa?"

Malam ya ce: "Baba, ba za a yi cinikin biri a sama ba. Zan yi sharaɗi da mai kanti gaban shaidu. In bai amsa sallama ba, a maida masa kayansa, ya maido kuɗinmu."

Dattijo ya dubi kayen ya ce: "Da baki kawai ka zo, da ban yarda ba. Amma na ga ka bi sawu. Ma'aji, ba shi."

Sauran ƙananan duwatsu

Daga Tasawa zuwa Maraɗi wajen kilomita 120 ne. Malam ya tafi da safe, ya dawo da modem na hannu, wanda wani biro ya daina aiki da shi. Ya kashe kwamfuta, ya haɗa wayoyi, ya kunna. Fitila ta kama. Ya buga wvdialconf. A ƙofa ta farko, ttyS0, sai ga haruffa biyu: OK. An amsa sallama.

Amma aiki bai ƙare ba. Da ya tashi kira, kwamfuta ta ce ba shi da izinin wannan ƙofa. A Linux ba kowa ke taɓa kowace ƙofa ba. Akwai mai riƙe da mabuɗan gida duka, ana kiransa root. Shi ke sa sunan mutum cikin ƙungiyar masu izinin kira, wadda a irin wannan Linux ake kira dialout. Takardar da ta zo da kwamfutar tana ɗauke da kalmar sirri ta root. Malam ya shiga da ita, ya sa sunansa, ya fita, ya sake shiga. Wannan dutse ya kau.

Sai na ƙarshe. Modem ya rubuto NO DIALTONE, wato bai ji ƙugin layi ba. Malam ya duba kaye. Shafi na farko ya ce layi lafiya. Ya sake ɗaga kan talho, ƙugi yana nan. Ke nan modem ne bai gane ƙugin ba. Hakan na faruwa, domin ƙugin talho ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani layin kuma muryarsa ba ta da ƙarfi. Maganin umarni ne ƙarami: ATX3. Ma'anarsa, kada ka jira ƙugi, buga lamba kawai. Yaron Yamai ya faɗa masa inda ake rubuta shi.

Ya danna kira. Akwatin ya buga lamba. Sai ya kama wani kuka, kamar gyare da tsuntsaye sun haɗu a rami guda. Modem biyu ne ke gaisawa, suna daidaita saurin da za su yi magana. Kukan ya tsaya. Kwamfuta ta rubuto CONNECT. An haɗu. Ran nan kwana na tara ne cikin goman da ya roƙa.

Abin da ya biyo baya

Takardun farashi suka fara zuwa. Malam yana karanta wa kwamiti su da Hausa, tiya nawa, buhu nawa, a wace kasuwa. Suka ga abin da ya tsorata su. Da kaka hatsi ya saba yin araha. A wannan shekara bai sauka yadda ya saba ba. Kwamiti ya yanke shawara: ba za a sayar wa ƴan kasuwa ko tiya guda ba.

Kowa ya san abin da ya faru a 2005. Hatsi ya yi tsadar da mutane ba su saba gani ba. Jahar Maraɗi tana cikin inda yunwa ta fi tsanani, yara da yawa suka galabaita. Kwamfuta ba ta hana yunwa ba. Hatsin magaza bai kai mambobi har sabon girbi ba. Amma makonnin da ya yi ana auna musu shi da sauƙin kuɗi, makonni ne da magidanta suka tsaya gonakinsu suka yi noma, ba su tafi ƙodago ba.

Malam ya kafa doka biyu a biro. Ta farko, a rubuta wasiƙa duka kafin a kira, a aika, a kashe, domin kowane minti ana ƙirga shi a kuɗin talho, kuma muddin modem na kan layi ba mai samun biro. Ta biyu, da damina in hadari ya taso a cire wayar talho daga modem, domin tsawa tana biyo waya ta ƙone shi.

Zamani ya wuce, hanya ba ta wuce ba

Yau ba a shiga intanet da wannan modem mai kuka. Salula ta shigo Nijar a 2001 da kamfanin Celtel, wanda daga baya ya zama Zain, sannan Airtel. SONITEL ma an haɗe shi da SahelCom a 2016, suka zama Niger Telecoms. Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta gano inda salula ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ke nan sanin farashi ba ƙaramin abu ba ne.

Ciwon kuma ya dawo da sabuwar riga. Da aka fara sayar da ƴan mabuɗan intanet masu pus a ciki, da yawansu in an soka su a Linux sai su nuna kansu kamar faifai, ba kamar modem ba. Masu aikin Linux suka rubuta wani ɗan jagora mai suna usb_modeswitch, mai juya su su koma modem. Suna juyawa, sai a yi musu tsohuwar sallamar nan ta AT, su amsa OK. Salular da ke aljihun da yawanku ma, in Android ce, a kan Linux aka gina ta.

Saboda haka, ƴan uwa, ko salula ce ta rasa rezo, ko rediyo ya yi shiru, ko farantin hasken rana ya daina cika batir, ko injin ban ruwa ya ƙi tashi a lambu, ga abin da ya kamata a riƙe.

Na ɗaya, a saurari abin da inji ya faɗa, a karanta shi daidai. "Ban gani ba" daban, "ban ji ba" daban.

Na biyu, a fara da na kusa kuma mai sauƙi: wuta, waya, rami, batir.

Na uku, a taɓa abu ɗaya kawai, a gwada, a rubuta abin da ya faru.

Na huɗu, in an gyara aibi ɗaya inji bai tashi ba, kada a karaya. Wataƙila aibin biyu ne ko uku.

Na biyar, in za a tambayi masani, a je masa da rubutu. Mai cewa "ya ƙi kawai" ba ya samun magani. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san abin da zai tambaya.

Na shida, wajen saye a tambaya: wannan kaya yana aiki da abin da muke da shi? Ana samun mai gyaransa da kayan gyaransa kusa? Kayan da aka ɓoye sirrinsa, ko ya yi araha, yana mai da mai shi bara a ƙofar wani. A yi sharaɗin maidowa kafin a ba da kuɗi, balle kuɗin jama'a.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye garke da rumbu.